Man Gyaɗa a Birkin Baba

A Talata Mafara akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Mahaifinta, Malam Hayatu, malamin dabbobi ne. Yana da wani babur mai tsayi, mai tayoyi masu haƙora, wanda yake shiga daji da shi. Babur ɗin ba ya tsoron yashi, ba ya tsoron taɓo.

Wata Lahadi da la'asar, Malam Hayatu ya fito da shi tsakar gida. Washegari zai tafi rugagen da ke wajen Faru, ya yi wa shanu allurar rigakafi. Hanyar kuwa ta ƙafa ce, ga duwatsu, ga gangare.

Yarinyar ta tsuguna kusa da shi tana miƙa masa sufana. Ya ɗaure sarƙa, ya shafa mata mai. Ya rage wa tayoyi iska kaɗan, ya ce ta haka suka fi kama yashi. Ya sa famfo da kayan faci a jaka. Daga ƙarshe ya tura babur ɗin, ya matse birki. Ya tsaya cak, amma birkin ya yi wata 'yar ƙara, ƙiii.

"Ƙura ce kawai," in ji shi. Aka kira sallar magariba, ya wanke hannu ya tafi masallaci.

Ƙarar nan ba ta yi wa yarinyar daɗi ba. Ta tuna ƙyauren ɗakin Inna. Duk lokacin da ya fara kuka, Inna takan tsoma gashin kaza a man gyaɗa ta shafa masa, ya yi shiru. Sai ta ɗebo man a murfin kwalba, ta shafe faifan birkin gaba da na baya, har suna ƙyalli. Ba ta gaya wa kowa ba. So take Baba ya ji shiru gobe, ya yi ta mamaki.

Da safe ta tafi makaranta tana murna. Darasin farko na kimiyya ne. Malama Taibatu ta sa kowa ya goga tafin hannunsa, har suka ji ɗumi. Ta ce wannan gogayyar ita ke hana abu zamewa. Ita ke riƙe takalmi a ƙasa, ita kuma ke tsayar da keke da babur.

Wani yaro ya tambaya ko ana sa wa birki mai kamar sarƙa.

"Ko kusa," in ji Malama. "Birkin da ya sha mai ba ya kamawa. Mai babur ya matse, babur ya ƙi tsayawa."

Yarinyar ta tuna man da ta shafa wa birki. Ta hango Baba a kan gangare, yana matse birki. Ta ji tsoron faɗa, ta ji kunyar 'yan aji. Amma tsoron abin da zai sami Baba ya fi. Ta ɗaga hannu.

"Malama, na yi ɓarna a gida."

Malama ta ja ta waje, ta saurare ta har ƙarshe. Ba ta yi mata tsawa ba. Ta kira wayar Malam Hayatu, tana ta ruri, ba a ɗauka ba. Sai ta sanar da shugaban makaranta, ta tare Keke Napep, suka shiga. Yarinyar tana ta addu'a a zuci.

Suna karyo kwanar gidan, sai ga babur a ƙofa. An ɗaure akwatin magani a baya. Malam Hayatu yana tsaye da hular kwano a hannu, wayarsa na cikin jaka. Maƙwabcinsa, tsoho Barau, shi ya tsare shi da gaisuwa. Sun gama ta iyali da ta gajiya, sun shiga ta damina, Barau bai ko kai kan jikokinsa ba.

Yarinyar ta duro a guje, ta riƙe rigar mahaifinta.

"Baba, kada ka hau! Na shafa wa birki man gyaɗa."

Malam Hayatu ya dube ta, ya dubi Malama. Ya tura babur ɗin a hankali, ya matse birki. Babur ya ci gaba da tafiya, sai da tayar gaba ta dunguri katanga.

Can Malam Hayatu ya sauke numfashi, ya ce, "Alhamdu lillahi."

"To, ka gani," in ji Barau. "Kullum cewa kake na cika dogon zance."

Har Malama sai da ta yi dariya.

Ranar ba a yi tafiya ba. Malam Hayatu ya kira makiyayan ya ba su haƙuri, don sun riga sun tara shanu. Wannan ya sa yarinyar ta ƙara jin nauyi. Bayan an tashi daga makaranta, ta tarar bakanike Falalu ya zo. Ya wanke faya-fayan tas, ya canza takalman birki, don sun sha mai. Ita ta riƙe masa kwanon wankin har ya gama.

Da suka kaɗaita, Baba ya zaunar da ita.

"Ɗiyata, na san taimako kika yi nufi. Amma maganin ƙyaure ba shi ne maganin birki ba. Abin da ba ki sani ba, ki tambaya kafin ki taɓa."

"Na tuba, Baba."

"Na yafe. Kuma kin kyauta da kika faɗa da wuri."

Ranar Talata ya tafi, ya dawo lafiya kafin magariba. Tana jin tsayawarsa a ƙofa, birkin ya yi 'yar ƙara. Wannan karon daɗi ta ji.

Yara, in za ku taimaka, ku fara da tambaya. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun da sauran lokacin gyara.