Ƙasar Sawun Korau

Ku matso. Ke Jummala, rage fitilar nan, ba biki ake yi ba.

Kun san Goggo Ladingo, mai zama a ƙofar gida tana kallon layin dogo har magariba. Ina jin ku kuna yi mata dariya. To, ku kasa kunne.

Lokacin yaƙi tana ƴar ƙarama, ko ɗaurin zane ba ta gama iyawa ba. Aka ɗauki babanta Korau aikin soja. Ranar da zai hau jirgi, kakarta ta duƙa ta ɗebi ƙasar sawunsa na dama, ta ƙulle a tsumma, ta rataya wa yarinyar a wuya.

"Muddin ƙasar nan tana gida, ƙafarsa za ta biyo ta," in ji Kaka. "Kada ki ba kowa."

Uwarta ta riga ta rasu. Kaka kuwa ga tsufa ga kurumta. Ladingo ba ta da abokin hira sai ƙullin nan. Takan jera karan dawa a bayan ɗaki su zama sojoji, mafi tsayi shi ne Baba, shi kaɗai harsashi ba ya samu.

Damina ta wuce, wata ta zo. Ran nan ta rufe ido ta nemi fuskarsa, ta rasa. Hula tana nan, kafaɗa tana nan, tsakiya babu komai. Hoto kuwa ba su da shi. Ta yi kuka, ba wanda ya ji.

Da almuru ta bi layin dogo ita kaɗai, wai ko za ta tuna.

Shiru. Ko gyare ba ya kuka.

Sai ga mutum cikin kaki yana tahowa ta kan yashi. Hula ta rufe masa fuska. Ta durƙusa.

"Sannu, Baba."

"Ladingo."

Muryar kamar daga cikin tulu.

"Ka san babana?"

"Na san shi. Kin manta fuskarsa."

Ta sunkuyar da kai.

"Ba ni abin wuyanki in nuna miki. Ba za ki ƙara mantawa ba."

Na san abin da kuke cewa a ranku, wai da ku ne ba za ku bayar ba. Ba ku san kewa ba ne.

Ta cire, ta miƙa. Yatsunsa sanyi ƙalau. Ya ɗaga hula.

Babanta ne. Ga tsagen kumatu, ga wushirya, ga tabon da ƙahon bijimi ya bar masa a gira. Har murmushin.

Ya juya ya tafi. Ta duƙa da sauri za ta ɗebi sabon sawu, yadda ta ga Kaka ta yi. Yashi sumul. Ga nata ƙananan sawun nan reras. Nasa babu, duk nauyin takalmin soja.

Yaƙi ya ƙare. Jirgi ya yi ta sauke mutane, wasu da sanda, wasu da hannu ɗaya. Korau bai sauko ba. Ba wanda ya ce ya mutu, ba wanda ya ce ya gan shi.

Ashe aljani ne ya karɓe ƙullin. Amma bai yi mata ƙarya ba. Yau Goggo ta manta sunayenku, ta manta ko ta ci abinci. Amma ku tambaye ta fuskar babanta, za ta zayyana muku har tabon gira.

Kada in ji wani ya bi layin dogo shi kaɗai da almuru. Gobe kuma in za ku wuce ta, ku gaishe ta, ku ɗan zauna. Ku lura da idonta. Ba fuskar masu wucewa take kallo ba, ƙasar da suka taka take dubawa.