Tururuwar Uwani

Na'urar tana ƙugi ƙasa-ƙasa, tana tura wani ruwa mai launin toka cikin jijiyar wuyan Malam Sambo. A kowane ɗigo akwai dubban injuna da ido ba ya gani, kowanne ɗauke da dafin kashe ciwon daji. Dakta Uwani, wadda ta ƙera su, Tururuwa take ce musu, domin suna bin sawun ciwo har raminsa. Majinyacin kuwa mahaifinta ne.

Ciwon ya fara ne a maƙogwaro. Aka yanka, aka gasa da haske, aka yi masa ƙarin ruwan magani har gashinsa ya zube. Ya lafa, ya dawo, ya sake dawowa, a wannan karon ya bi harshe da muƙamuƙi, kuma babu maganin da yake ji. Likitocin Sabuwar Zariya suka ce saura maganin ceto, wanda ake gwadawa bayan kowace dabara ta ƙare, wato Tururuwar Uwani.

Malam Sambo ya ƙi. "Na gaji, Uwani," in ji shi da dasasshiyar murya. "Ki mai da ni garinmu Giwa in mutu a ɗakina."

Da zazzaɓi ya gusar masa da hankali, sai ta sa hannu a madadinsa.

Ƙaninta Tanimu ya bankaɗo ƙofa ya shigo, ya dubi na'urar, ya dube ta.

"Da yawun wa kika yi wannan, Yaya?"

"Da yawun wadda ta san aikin. Kai me ka sani ban da kuka?"

"Na san abin da Baba ya ce. Ɓeran gwaji kike nema, kika rasa sai uban da ya haife ki!"

Maganar ta soke ta, amma ta ɗaure fuska. "Fita, ko in sa a fitar da kai."

"Zan fita. Ke da Allah."

Tururuwa suka yi aikinsu. Kafin wata ya mutu, allon bango ya nuna babu ko ɓurɓushin ciwon. Sai dai injunan ba su san inda ciwo ya tsaya mutum ya fara ba. Dajin ya riga ya nannaɗe harshe da jijiyoyin murya da na haɗiya, don haka suka cinye duka. Malam Sambo ya farka lafiya lau, ba magana, ba ɗanɗano, abinci sai ta bututu a ciki. Likitoci suka ce zai iya ƙara shekara ashirin.

Gari ya ɗauka. Hoton Uwani ya haska a jikin dogayen benaye, motocin sama suna wucewa ta gaban murmushinta.

Asibitin ya ɗaura wa dattijon wani ɗan akwatin murya a ƙirji, mai mayar da tunani magana. Ya saba da shi da wuri. Yana zolayar ma'aikatan jinya, yana tambayar Tanimu labarin gona, har jikoki yake yi wa tatsuniya.

Ranar da aka ba ta lambar yabo, Uwani ta zo da ita a hannu. Tun daga baranda take jiyo hirarsa. Ta yi sallama, ta durƙusa a gaban gadon.

"Baba, ina wuni?"

Ya dube ta tsawon lokaci. Sannan ya ɗaga hannu a natse, ya kashe akwatin.