Turmi a Kan Firiza

Masu ba da labarin nan kan ce firizar ce ta yi ƙanƙanta. Ba haka ba ne. Firizar babba ce, mai ita ce ba ta da tsari.

A wani gari an yi wata mata wadda duk abin da ta samu sai ta ƙulle shi a baƙar leda, ta jefa a firiza, ta danne murfi. Naman Layya, ta jefa ta danne. Ragowar miya, ta jefa ta danne. Da murfin ya ƙi rufuwa, sai ta ɗora masa turmi.

Ran nan gwaggon mijinta ta zo, ta ce farfesun kayan ciki take marmari.

"Yanzun nan, Gwaggo," in ji matar. Ta sauke turmi, ta tarar ledojin sun daskare, duk kamarsu ɗaya. Ta ɓamɓaro guda ta juye a tukunyar da ta sha albasa da yaji, sai ruwan ya yi jawur. Ashe zoɓo ne. Ta ɓamɓaro wata, ƙullun ƙosai ne.

Gwaggo ta leƙa tukunyar, ta ce, "'Yar nan, ragon naku zoɓo ya sha kafin a yanka shi?"

Kunya ta rufe matar. Ta kwashe komai, ta mai da kowanne cikin farar leda, ta jera nama gefe guda, miya gefe guda, murfi ya rufu da kansa. Kayan cikin kuwa a can ƙasa aka same su, bayan Gwaggo ta ƙoshi da ƙosai.

Ku je ku duba firizar gidanku. In akwai turmi a kai, ku sauke shi.