Kaskon Turaren Haula

Da hantsi aka kira Insifekta Katung, ranar Lahadi, yana ɗaura takalmi zai tafi coci. Wani dattijo ne ya mutu a sansanin shaƙatawa da ke bakin kogi, bayan garin Upper Marlboro, can ƙasar Turawa. 'Yarsa na ta kuka da Hausa, ta ƙi yin Turanci ko da kalma ɗaya. A duk ofishin kuwa Katung kaɗai ke jin Hausa, shi da aka haifa a Kafanchan. Ya ba matarsa haƙuri ya ɗauki makullin mota.

An kwana ana ruwa, sansanin duk ya zama taɓo, ga sanyin Oktoba mai shiga ƙashi. Saje Raymond, ɗan ƙasar ne mai ƙaton tumbi da son gama aiki da wuri, ya tarbe shi a gaban wata 'yar tirela mai naɗewa.

Irin tirelar nan ce da ake ja da mota kamar akwati. In an iso sai a murɗa hannu rufin ya ɗaga, a jawo gado ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, su tsaya a sama kamar durowar da aka buɗe, tamfol ya rufe su. Can gefe kuma wani tsohon tanti ne a kafe.

"Masu kashe gobara sun auna iskar ciki," in ji Raymond. "Gubar hayaƙi ce, wadda ba ta wari. Mijin 'yar ya ce matar tasa ce ta kunna gawayi a ciki, kuma ta gyaɗa kai ta amsa. Aiki ya ƙare."

Babu maganar da ke ɓata wa Katung rai kamar wannan. Mutum ya mutu, ko gawar ba a gani ba, wai aiki ya ƙare!

Matar na zaune a kan benci, jikinta duk laka, waya na ta ƙara a cinyarta.

"Sannu, ƙanwata. Allah ya jiƙansa. Sunana Katung. Ke fa?"

Ta ɗago da sauri da ta ji Hausa. "Haula. Yallaɓai, kada ka wahalar da kanka. Ni na kashe Baba."

"To, gaya mini yadda kika kashe shi."

"Daga Maraɗi ya zo ganin jikansa Hafiz. Mun saba fita da tanti, ni da mijina Abban Hafiz, amma Baba gwiwa ta hana shi kwanan ƙasa. Shi ne Abban Hafiz ya sayo wannan, ta hannu ce. Da muka buɗe ta jiya sai warin danshi, kamar an naɗe ta a jiƙe. Na ji kunya Baba ya kwana a haka. Da magariba na kunna kasko na zuba turaren wuta, na ajiye ƙarƙashin tebur. A tanti haka nake yi kullum, iska na fita. Na manta wannan a rufe take ruf. Ni, ma'aikaciyar asibiti! Na manta."

"Wa ke kira?"

"Inna ce. Tun asuba ta saba jin muryarsa. In na ɗauka sai na faɗa mata gaskiya, ita da yayyena. Ba za su sake kallon fuskata ba, kuma da gaskiyarsu."

"Kada ki ɗauka tukuna," in ji Katung. "Ki ba ni lokaci kaɗan."

Ya shiga tirelar. Marigayin, Malam Idrissa, na kwance a gadon baya, bargo har ƙirji, casbi a hannu, kamar mai barci. Katung ya cire hularsa ya ɗan tsaya. Tausayi ya kama shi ƙwarai, domin tsohon ya yi kama da nasa uban.

Ga kaskon ƙarƙashin tebur, yadda ta faɗa. Ya durƙusa ya taɓa. Gawayin 'yan ƙanana ne, rabinsu ko ci bai yi ba, kuma suna kwance cikin ruwa. Kusa da kaskon buta ce. Wato tsohon da kansa ya kashe wutar, kuma da wuri. Mutumin da ya tsufa da gawayi a ɗaki ba ya kwana ya bar shi a kunne.

Da ya miƙe sai ya lura da wata 'yar hita ta lantarki a gindin gadon, an cire ta daga soket. Ya danna makunnin fitilar rufi, ta kama tar.

Mijin, Abdulmumin, yana jingine da motarsa. Dogo ne, tsaf-tsaf, a wata cibiyar kwamfutoci yake aiki a Sterling. Idonsa ya yi ja.

"Me ya sa shi kaɗai ya kwana a ciki? Gado biyu na gani."

"Haba, ranka ya daɗe. In kwana ɗaki ɗaya da surukina? Mu muka koma tanti."

Katung ya gyaɗa kai, wannan ba ya buƙatar bayani. "Tirelar lafiya take?"

"Ina fa lafiya. Tun da na sayo ta nake fama. Rufin ya ƙi ɗagawa daidai, ƙofar ba ta shiga mazauninta sai an daidaita ƙafafun. Hitar gas ta ƙi kamawa. Batir kuma ko na yi caji, kafin dare ya mutu."

"Jiya ma ya mutu?"

"Tun la'asar."

"Akwai lantarki a wannan fili?"

"Babu. Wuraren da ke da shi duk an kama."

"To da me tsoho ya ji ɗumi?"

"Barguna na ƙara masa."

"Ba ka zo da janareto ba?"

"Yana but ɗin mota, amma ban taɓa shi ba. An hana tayar da shi da dare a nan."

Katung ya kira shi bakin ƙofar tirelar, ya nuna wata 'yar na'ura fara a ƙasan bango. "Wannan fa?"

"Ƙararrawar hayaƙi ce."

Katung ya danna ta. Ta tsala wata irin ƙara har Raymond ya toshe kunne, Haula ta zabura daga kan benci.

"Lafiyarta lau," in ji Katung. "Tantinku ga shi nan kusa. Ba ku ji ta ba?"

"Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ba mu ji komai ba."

Katung ya sake duban fitilar rufin. Amma batirin da ya mutu tun la'asar, a filin da babu lantarki, ya wayi gari yana kunna fitila yana tayar da ƙararrawa. Batir dai ba ya cika kansa.

A filin da ke maƙwabtaka da su wata tsohuwar Baturiya ce mai suna Olive, ita da karenta a babbar mota. Ba a gama tambayarta ba ta fara zuba.

"Na ji ƙararrawar, bayan na gama cin abinci. Karena ma sai da ya yi haushi. Ta yi ta yi, har zan fita, sai ta yanke lokaci guda. Na ce to, sun gyara."

"Bayan nan fa?"

"Wani gurnani ƙasa-ƙasa, kamar na firiji. Da shi na yi barci. Na so in kai ƙara, sai na tuna tsohon nan ya aiko mini da dabino da rana, ya yi ta mini murmushi. Na ce bari in ƙyale su." Ta share hawaye da bayan hannu. "Da ma na kai ƙarar."

Katung ya zagaya bayan tirelar, ya duƙa ƙarƙashin gadon da ya fito waje. Wandon cocin nan nasa ya shiga taɓo, bai damu ba. Ko'ina a jiƙe yake, amma a nan ciyawa ta kwanta, ga sawun ƙafa huɗu na wani abu mai nauyi. Ya shafa katakon da ke saman kansa, wanda katifar tsohon ke kai. Yatsansa ya dawo baƙi ƙirin. Ya shinshina, warin fetur ne.

Ransa ya ɓaci sosai. Ya kira Raymond ya ɗauki hoto, sannan ya nufi motar.

"Malam Abdulmumin, buɗe mini but."

"Ranka ya daɗe, kayan..."

"Buɗe."

Ɗan jan janareto ne, ƙafafunsa da ɗanyar laka. A bakin salansar wata shuɗiyar leda ta narke ta manne. A gefensa tamfol ne shuɗi a dunƙule. Katung ya warware shi, sai ga rami ƙonanne a tsakiya.

Haula ta taso ta matso. "Wannan ai shimfiɗar tantinmu ce. Jiya na neme ta ka ce mun baro ta a gida, a Germantown."

"Haula, koma ki zauna."

"A'a, ta tsaya," in ji Katung. "Ta fi kowa haƙƙin ji. Ka ce ba ka taɓa shi ba. Laka daga ina? Baƙin hayaƙi ƙarƙashin gadon surukinka daga ina? Wa ya cika batir? Malam, ni ba yau na fara ganin janareto ba. A gida Kafanchan mun binne iyali guda saboda shi. Kai ma ka san irin labarin."

Abdulmumin ya zame ya zauna a bakin but.

"Sanyi yake ji," ya ce. "Na leƙa bayan isha'i na ga yana rawar ɗari, amma ya ce mini lafiya lau, Allah ya yi albarka. Ni na yi ta cika baki cewa na sayo masa ɗaki mai tafiya. Ga shi babu wuta, babu ɗumi. Sai na tayar da janareto na jona hita. Ruwa na sauka, kuma ina tsoron masu gadi su ji, sai na tura shi ƙarƙashin gado na lulluɓe da tamfol."

"Ƙararrawar fa?"

"Ta fara ihu yana lazimi. Tun da na sayi tirelar take wannan kukan duk sanda batir ya yi ƙasa, na ɗauka halinta ne. Baba ya ce, 'Abdulmumin, lafiya kuwa?' Na ce lafiya lau, Baba. Na zare fis ɗin da ke ba ta wuta na sa a aljihu."

"Ke ba ki ji ba?" Katung ya tambayi Haula.

"Na tafi banɗakin sansani yin wanka," ta ce. "Da na dawo ya ce in kwanta, Baba ya yi barci."

"Ci gaba," in ji Katung.

"Da asuba na kai masa ruwan alwala. Na yi sallama, shiru. Na taɓa shi, ya yi sanyi." Ya fashe da kuka. "Wallahi ban san abin da ya shiga kaina ba. Na mayar da fis, na cire hita, na kai janareto mota. Sai na ga kaskon."

"Sai ka ga kaskon," in ji Katung. "Sannan ka je ka tashe ta."

"Ban ce ita ce ba! Wallahi ban faɗa ba. Na ce mata dai, 'Kin fitar da kaskon jiya?'"

Katung ya yi shekaru yana wannan aiki, ya ga masu wuƙa ya ga masu bindiga. Amma wannan 'yar tambaya ta fi su duka muni a wurinsa. Ya juya ga Haula.

"Ƙanwata, ki saurare ni da kyau. Mahaifinki ya zuba wa kaskonki ruwa da butarsa tun kafin ya kwanta. Gawayin na nan a jiƙe, za ki gani da idonki. Turarenki bai taɓa shi ba. Ba ke ba ce."

Ta ɗaga hannuwa sama. Bakinta na motsi, salati take yi.

Raymond ya ciro ankwa, ya karanta wa Abdulmumin haƙƙoƙinsa da Turanci. Katung ya maimaita masa da Hausa: sakacin da ya jawo asarar rai, ɓoye shaida, da yi wa hukuma ƙarya. Abdulmumin ya miƙa hannuwa ba gardama.

"Maman Hafiz, ki yafe mini. Don Allah. Ban yi da niyya ba, kin san yadda nake son Baba."

Ta dube shi. Ta daina kukan.

"Na sani," ta ce. "Da ka tashe ni ka ce ka yi kuskure, da tare za mu yi kuka. Kwanan Baba ne ya ƙare, da ni da kaina zan roƙa maka gafara wurin Inna. Amma ɗazu, da nake birgima a cikin taɓon nan ina cewa ni ce, ni ce, kana ina?"

Ya kawar da kansa gefe.

"Tambayarka nake. Kana ina?"

"Ina tsaye," ya ce.

"Kana riƙe da ni. Kana ce mini in yi haƙuri, ka yafe mini."

Raymond ya dafa kansa ya shigar da shi bayan mota ya rufe ƙofa. Motar ta bi ta cikin taɓo a hankali har ta fita sansanin. Haula ba ta bi ta da kallo ba.

"Yallaɓai," ta ce, "yaushe za a ba ni Baba? Ba ni da kowa a nan da zai tsaya masa sai ni."

"Zan kira liman ɗinku yanzu, sannan in matsa wa likita," in ji Katung. "Mu je ki wanke fuskarki."