Bishiyoyin Mannir Marasa Saiwa

Na rantse ba za ku yarda ba, amma a gefen Maska aka yi wannan abin.

Malam Aƙilu yana ɓarar gyaɗa a zaure ya dubi Mannir, saurayin 'yarsa Rabi'atu. "Makiyayar nan da ta ƙeƙashe, in daji ya dawo cikinta kamfani zai riƙa biyan gari kuɗin kabon, wato ladan gurɓatacciyar iskar da bishiyoyi ke zuƙewa. Ba dashe ake yi ba, tohon tsofaffin kututture ake gyarawa a tsare shi daga dabbobi. Na ware maka yanki. Ka raya shi, ka turo magabatanka."

"Baba, wannan ai simful ne!"

Damina ta ƙare Mannir yana teburin mai shayi yana cika baki. Ranar da masu duba daji na kamfanin za su zo, ya yi sammako ya sassaro rassan kalgo da marke daga yankin Malam Aƙilu, ya kakkafa su a nasa.

Da Malam ya ga ɓarnar, sai ya ɗora wa Maiwada makiyayi, ƙanen matarsa, laifin. "Shi ke sare wa shanu rassa! Kar ya sake taka min gida!" Uwar Rabi'atu ta fashe da kuka, Maiwada yana ta rantsuwa. Mannir na tsaye yana kallo, ya bar laifin a kan Maiwada.

Rabi'atu kuwa, don ta sanyaya zuciyar ubanta, ta ja su duka zuwa yankin Mannir. "Baba, dubi aikin masu himma!" Ta ɗaure akuyarta a jikin wani marke. Akuya ta hango ciyawa, ta yi gaba tana jan bishiya ƙiii, ba saiwa ko ɗaya!

Ba wanda ya yi dariya. Rabi'atu ta juyo, hawaye na zuba. "Mannir, kana tsaye ana ci wa kawuna mutunci?"

Ya durƙusa gaban Maiwada. "Kawu, ni ne. Ka yafe min."

Malam Aƙilu ya ba Maiwada haƙuri, sannan ya yanke: Mannir zai raya yankunan biyu, kuma duk rani shi zai yi wa shanun Maiwada ciyawa.

"Zan jira ka," in ji Rabi'atu tana share ido, "amma ni da akuyata za mu zo duba aikin."

Samari, ku ji da kyau: ƙaryar da ka yi don a so ka, wani marar laifi take fara jefawa cikin kuka.