Fuskar Ibu a Gefen Hoto

"Ka gyara shi kawai, Mas Danang! Mene ne abin wahala?"

Danang bai ɗago ba. Hoton na shimfiɗe a kan teburin shago, ƙafafun teburin kuma cikin ruwa, don tun safe ruwan teku ya sake shigowa gari.

"Ba ya gyaruwa, Ratri."

"To ka mayar da shi yadda yake kafin ka ɓata shi."

"Haka aka ɗauke shi. Babu wani."

Ta zuba masa ido. Idanun sun kumbura, tun rasuwar mahaifiyarta ba su koma daidai ba.

Ratri 'yar Pak Harjo ce, tsohon mai hoton garin, wanda ya koya wa Danang riƙe kyamara. Ita Bapak take ce masa, wato baba. An yi maganar aurenta da Danang, saura sa rana. Sai mahaifiyarta, Ibu Warsini, ta kwanta zazzaɓi, ba ta tashi ba. Yanzu sadakar arba'in ta matso, za a buga ƙananan littattafan Yasin da hotonta a shafin farko, a raba wa masu zuwa addu'a, kamar yadda kowane gida ke yi.

Hoton ne babu. Ambaliyar bara ta cinye duk abin da Pak Harjo ya tara. Ita kuwa Ibu, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. "Na auri mai hoto, ya ishe ni," haka take cewa.

Hoto ɗaya ya rage a duniya da take ciki. Na Danang.

Daga saman hasumiyar masallaci ya ɗauke shi, da wani gilashin kyamara mai karkata da ya sayo a birnin Semarang. In aka karkatar da shi, tsakiyar hoto ta fito raɗau, sama da ƙasa su zama dishi-dishi, gari ya koma kamar kayan wasan yara. Kwalekwale kamar ɓawon gyaɗa, mutane kamar 'yan tsana.

Sun sha yi da Pak Harjo a kan gilashin.

"Mai hoto daidai idon mutum yake tsayawa," in ji tsohon. "Kai ka hau sama kana raina bayin Allah."

"Ba raini ba ne, Pak. Mutanen birni sun gaji da hoton ambaliya, ba sa kallo. Wannan kuwa sai sun tsaya."

"Su tsaya su ce kai, ga kyau! Gidanka na nutsewa, ana cewa ga kyau."

"Ai haka muke a hannun teku. 'Yan tsana."

"Je ka gaya wa uwarka 'yar tsana ce, mu gani."

Abokansa a birni da kwamfuta suke yin nasu, su ajiye na asalin lafiya lau. Danang yana musu dariya, yana cewa yaudara ce, aikin gaske a gilashi ake yin sa. Yau da zai sami wannan yaudarar, da ya sayar da kyamarar.

Ƙarar ruwa ta sa Danang da Ratri suka juya. Pak Harjo ne, ya naɗe zanensa zuwa gwiwa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

"Ina take?"

Danang ya miƙa hoton da hannu biyu. Tsohon ya saka tabarau. Ya wuce kwalekwalen da suka fito tar, har ana karanta sunayensu. Yatsansa ya gangara can ƙasa, inda komai ya narke, ya tsaya a kan wani ɗigon kore.

"Mayafinta ne," ya ce a hankali. "Wannan kuma hannunta. Me ta ɗaga?"

Danang ya matso ya duba.

"Shinkafa ce a ganyen ayaba. Ni ta kawo wa. Tana cewa in sauko kafin ta huce."

Ruwa na ta bugun ƙofa.

Pak Harjo bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ninke tabarau, ya rungume hoton a ƙirji.

"Shekarun da na yi da matar nan, ban taɓa tilasta mata tsayawa gaban kyamara ba. Kullum ina cewa gobe." Ya juya. "Bayan addu'a zan koma Wonosobo, can kan tudu, wajen ƙanwata. Na gaji da ruwa. Maganar nan taku... ka bar ta tukuna, yaro. Ba na iya kallonka yanzu."

Ya fita yana jan ƙafa cikin ruwa.

"Ratri..." in ji Danang. "Raina, ki yi magana."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Mas. Kada ka yi mini ƙarya."

"Yi."

"Lokacin da ka leƙa cikin kyamarar, ka gan ta?"

Zai iya cewa a'a. Wa zai sani?

"Na gan ta."

"Raɗau?"

"Raɗau. Tana dariya."

"Sannan ka murɗa abin."

"Kwalekwalen nake so su fito, Ratri! Ina na san..."

"Na sani. Wa ya sani?" Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ita ce fa ta tsaya maka. Duk ranar da Bapak ya ce yaron nan ba shi da kan gado, ita ke cewa ka bar shi, yana da zuciya. Ta kawo maka abinci cikin ruwa har gwiwa... kai kuma ka zaɓi kwalekwale."

"Ki zauna. Mu ɗaura auren, in riƙe ku duka biyu."

"Bapak ko shayi ba ya iya haɗawa. Jiya na same shi yana yi wa kujerarta magana. In bar shi da wa?"

"Ni kuma fa?"

"Ina sonka, Mas. Wallahi ina sonka! Amma duk na rufe ido in tuno fuskar Ibu, ɗigon nan nake gani. Ya fara cinye mini ta gaskiyar."

An yi addu'ar. An raba littattafan, shafin farko fari fat, sai suna. Tsofaffin mata suka riƙa juya shafin suna neman hoto. Danang yana can baya kusa da takalma, bai buɗe nasa ba.

Ranar tafiya bai je bakin ruwa ba. Ya hau hasumiya. Ya ɗora gilashin, ya daidaita shi sak, ya ɗaure, yadda Pak Harjo ya koya masa tun farko.

Kwalekwalen da ya ɗauko su ya fito daga tsakanin rufin gidaje. Katifa, tukwane, tsoho a sunkuye. Ratri a baya, ta yafa koren mayafin uwarta.

Ta ɗaga kai ta dubi hasumiya. Ta ɗaga hannu.

Bai karkatar da komai ba. Duk da haka tana ta ƙanƙancewa, tana zama dishi-dishi. Ya goge gilashin da gefen riga, ya sake leƙawa.

Ba gilashin ba ne. Idanunsa ne.