Mazari Biyu, Gemu Ɗaya

A wani gari an yi wani mai dogon gemu wanda bai taɓa cewa "ban sani ba". Rannan yara suka nuna masa mazari biyu a bakin tafki, ɗaya ja, ɗaya rawaya.

Ko kallo bai yi ba, ya ce, "Ni na sani. Jinsinsu daban."

"Baba, duba mana!"

"Ni na sani! In jinsinsu ɗaya, a aske gemun nan."

Bai rufe baki ba, jan ya kamo rawayar, suka tashi tare, tana tsoma wutsiya a ruwa tana zuba ƙwai. Ashe miji da mata ne.

Yara suka kirawo wanzami. Wanzami ya ce, "Wa za a yi wa aski?"

Mai gemu ya dafe haɓa, ya ce, "Ban sani ba."